Sarautar Kwana Biyu: Ra'ayi a Kan Otal-otal na Gidajen Iyayen Ƙasa a Ingila

Akwai wata sana'a a ƙasar Ingila wadda na ga ya kamata mu ɗalibai masu nazarin harshe da al'ada mu ɗan tsaya mu dube ta, ko da yake tana nesa da mu, domin ta ƙunshi wani abu da muke yawan muhawara a kansa a aji, watau yadda kalma kan ci gaba da rayuwa bayan al'adar da ta haife ta ta mutu. Sana'ar ita ce mayar da tsofaffin gidajen iyayen ƙasa na karkara su zama otal, a haɗa musu da wurin wanka da tausa, sa'an nan a ce duk mai hali ya zo ya kwana biyu a matsayin baƙo. Ra'ayina a nan shi ne, wanda ya je irin wannan wuri sarautar aro ya saya, lafiyar da ake tallata masa kuwa gyara ce kawai aka ɗora masa a kan ciniki. Ban ga laifin mai saye ba, ban kuma ce a rufe kasuwar ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne abin da ake ɓoye masa.

Kada mai karatu ya ji an ce gidan karkara ya zaci bukka ce a bakin gona. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne irin gidajen da sarakunan Kano suka gina a bayan gari, kamar na Fanisau da na Dorayi, inda sarki kan fita ya sha iska. Na Ingila tafka-tafkan benaye ne na dutse ko jan bulo, wani mai ɗakuna hamsin, wani fiye da ɗari, kowanne a tsakiyar makeken fili mai itatuwa da tafki da lambuna. Mai gidan shi ke da ƙasar da ke kewaye, manoma kuwa haya suke biyansa. Yakan yi wani sashe na shekara a Landan saboda majalisa da bukukuwa, sa'an nan ya komo gida lokacin farauta, ya gayyato takwarorinsa su zo ran Asabar su koma ran Litinin. A irin wannan zama ne ake ƙulla aure, a ƙulla siyasa, a kwance ta. Ba a biyan ko sisin kwabo, ba kuma mai shiga sai wanda aka aika wa takardar gayyata.

To, yau ga yadda abin yake. Mutum zai baro babban titi ya bi wata doguwar hanya tsakanin itatuwa, wadda tun asali da gangan aka karkata ta don kada gidan ya bayyana sai an zo dab da shi, ya cika ido gaba ɗaya. A bakin ƙofa wani ya karɓi jakarsa, wani ya kira shi da sunansa kamar ya daɗe da saninsa. A zauren akwai murhu da wuta tana ci, da hotunan kakannin wasu mutane rataye a bango. Ɗakinsa sau da yawa ba lamba gare shi ba, suna gare shi, don kada ya tuna cewa a otal yake. Da la'asar a kawo shayi da 'yan ƙananan kayan maƙulashe a kan faranti mai hawa uku. Daga nan ya sa wata farar riga mai kaurin tawul, da silifa, ya nufi wurin wanka: ga tafkin ninkaya mai ɗumi, ga ɗakin sirace, ga ɗakin katako mai zafi kamar tanderu, ga wata 'yar ƙuryar ɗaki mai ƙamshi inda za a shafe shi da mai a yi masa tausa na sa'a guda. Da dare a ci abinci kashi-kashi, wanshekari a ba shi takalmin roba ya zaga fili. Duk wannan abin jin daɗi ne, wanda ya ce ba daɗi bai faɗi gaskiya ba.

Bari mu fara da ruwan, tun da shi ake sa wa a gaba wajen talla. Sunan da Turawa ke kiran wurin wankan nan da shi, watau Spa, asalinsa sunan wani gari ne a ƙasar Beljiyam, wanda ya shahara da maɓuɓɓugan ruwa mai sinadarin ƙarfe, mutane na zuwa sha don neman waraka. A Ingila kanta akwai garin Bath, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafin da ya kai wajen digiri 46, wanda Rumawa suka gina wa wurin wanka tun ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Akwai kuma Harrogate da Buxton da Cheltenham. A waɗannan garuruwa ruwan shi ne dalilin zuwa, kamar yadda mai zuwa Wikki a dajin Yankari ya san ruwan da ƙasa ta ɗumama da kanta ya je nema. Har zuwa shekarun 1970 likitocin gwamnati na tura masu ciwon gaɓoɓi Bath. A 1978 aka rufe wuraren wankan garin bayan wata yarinya ta rasu sakamakon wata ƙwayar cuta da aka samu a ruwan, ba a sake buɗe wanka ga jama'a ba sai 2006, a sabon gini.

Amma yawancin gidajen karkaran da nake magana a kansu ba su da wata maɓuɓɓuga. Ruwan famfo ne aka dafa da tukunyar gas, aka zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. An ɗauko sunan, an baro ruwan a can. Wannan haɗi na gidan basarake da neman lafiya ma ba tsoho ba ne: a 1925 ne wani mai maganin gargajiya irin na Turawa, Stanley Lief, ya buɗe Champneys kusa da garin Tring, a wani gida da a da yake hannun iyalin Rothschild, inda masu kuɗi ke zuwa a hana su abinci, su biya, su yi godiya. Na yau sun fi wayo, sun gane cewa ciyar da mutum ya fi horar da shi riba. Game da amfanin abin ga jiki kuwa, sai a yi adalci. Tausa na sassauta jijiya ta rage ciwon baya na ɗan lokaci, ruwan ɗumi na sa barci, shiru da tafiya a cikin itatuwa na kwantar da rai. Kakanninmu ba su jira wani ya gaya musu haka ba. Amma maganar da ake yi cewa gumi ko laka ko wani mai na fitar da guba daga jiki, wannan zance ne na 'yan kasuwa. Aikin hanta da ƙoda ne, kuma suna yinsa kyauta. Gumi kusan dukkansa ruwa ne da gishiri.

In haka ne, me ya sa mutum ba zai je wurin wanka na cikin gari ba, wanda ya fi arha? Amsar tana ga gidan, saboda haka sai mu tambaya yadda aka yi gidan da a da ba ya shiguwa ya koma na kowa da kuɗinsa.

Duniya rawar 'yanmata ce, na gaba ya koma baya. Tun daga shekarun 1870 alkamar Amurka mai arha ta fara kwararowa Ingila ta jirgin ruwa, farashin hatsi ya faɗi, kuɗin hayar gona ya bi shi. A 1894 gwamnati ta kafa harajin gado. Mu da muka san ushira, kashi ɗaya cikin goma, sai mu riƙe baki in muka ji cewa a 1949 wannan haraji ya kai kashi 80 cikin 100 a kan manyan dukiyoyi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye magada da yawa, ya kuma nuna wa barori cewa akwai aikin masana'anta da na kanti, inda mutum zai tashi da yamma ya koma gidansa. A Yaƙi na Biyu gwamnati ta karɓe gidajen ta zuba sojoji da majinyata da 'yan makaranta, ta mayar da su a lalace. Sai aka shiga rushewa. A 1974 gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya yi wani nuni a kan wannan asara, inda aka jera sunayen gidaje fiye da 1,000 da suka salwanta cikin shekaru ɗari. Waɗanda suka tsira, wasu ƙungiyar National Trust ce ta karɓe su amana don jama'a, wasu suka zama makarantu, wasu kuma otal. Na farko da aka fi ambata a wannan fanni shi ne Sharrow Bay, wanda Francis Coulson ya buɗe a bakin tafkin Ullswater a ƙarshen shekarun 1940.

Gida ɗaya ya isa misali, watau Cliveden, wanda ke kan tudu yana kallon kogin Thames, yamma da Landan. An fara gina shi a 1666, gobara ta ci shi sau biyu, ginin da ke tsaye yanzu kuwa na 1851 ne, aikin Charles Barry, wanda ya zana ginin majalisar dokokin Ingila. Duke na Sutherland aka gina wa. A 1893 wani attajirin Amurka, William Waldorf Astor, ya saye shi, daga baya ya ba ɗansa kyautar aure. Matar ɗan, Nancy Astor, ita ce mace ta farko da ta zauna a kujerar majalisar wakilai ta Ingila, a 1919, kuma a zamaninta babu wani babban ɗan siyasa ko marubuci da bai so a ce an gayyace shi Cliveden ba. A 1942 iyalin suka miƙa gidan ga National Trust bisa sharaɗin su ci gaba da zama a ciki. Bayan sun tashi, jami'ar Stanford ta Amurka ta yi hayarsa na wasu shekaru, a tsakiyar shekarun 1980 kuma ya zama otal. A nan Meghan Markle ta kwana daren jajiberin aurenta da Yarima Harry a 2018.

A cikin wani lambu mai katanga a gidan akwai tafkin ninkaya. A bakinsa ne, cikin watan Yuli na 1961, John Profumo, ministan yaƙi na Ingila, ya fara ganin wata yarinya 'yar shekara 19 mai suna Christine Keeler, wadda kuma aka ce tana hulɗa da wani jami'in sojan ruwa na ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat. Ministan ya yi wa majalisa ƙarya a kan al'amarin, asiri ya tonu, ya sauka a 1963, gwamnatin Harold Macmillan kuma ba ta sake miƙewa sosai ba. Wannan tafki yana nan, yana cikin wurin wankan otal ɗin. Na kawo wannan labari ne don a ga irin tarihin da ake sayarwa. Abin kunya na manya, in ya kwana biyu, sai ya zama kayan ado, kowa na so ya tsoma ƙafa inda minista ya zame. Wannan tarihi ba a ɓoye shi. Wani ne dabam ake ɓoyewa.

Kafin in zo kansa, bari in tsaya a kan kalmar nan baƙo, domin ita ce ginshiƙin sana'ar. A otal ba a ce wa mutum mai saye ko abokin ciniki, kalmar da ake kiransa da ita ma'anarta baƙo, daidai da wadda ake kiran waɗanda Nancy Astor ke gayyata. Mu Hausawa mun san nauyin wannan kalma. Baƙo ana saukar da shi, a ba shi ruwa kafin a tambaye shi labari, in zai tafi a yi masa rakiya, wani lokaci har da guzuri. Shi kuma akwai abin da ke kansa: ya zo da tsaraba, ya kama kansa, ya san cewa baƙo raɓa ne, ya kuma san cewa ran da mai masaukinsa ya je garinsu, shi ne zai sauke shi. Baƙunci bashi ne da ba a rubutawa, ba ya kuma ƙarewa. Ko fatoma, wanda ke saukar da fatake don a ba shi la'ada, akwai sanayya tsakaninsa da su ta shekara da shekaru, yana tsaya musu a kasuwa, yana lamunce su. Baƙon otal kuwa, da ya miƙa katin banki da safe an rabu ke nan, ba wanda ke bin wani. Ina jin ma wannan na cikin abin da mutumin zamani ke biya: a karrama shi ba tare da an ɗora masa nauyin ramawa ba. Gidan ba shi da maigida. Hotunan da ke bango sau da yawa na mutanen da ba su taɓa zama a gidan ba ne, a kasuwar gwanjo aka sayo su. Kalmar tana nan da ranta, amma kamar ƙwarya ce da aka kwashe abin cikinta.

Abu na farko da ba a so baƙo ya tuna shi ne barori. Ƙidayar 1911 ta nuna fiye da mutum miliyan 1 a Ingila da Wales aikinsu ke nan, yawancinsu mata. An gina gidajen ne yadda ba za a gan su ba: suna da nasu matakala ta baya, ɗakin girki a ƙarƙashin ƙasa, makwanci a can saman rufi inda sanyi ya fi tsanani, ga jerin ƙararrawa a bango kowace da sunan ɗakin da ake kira. A wasu gidaje, in baranya ta yi kiciɓis da maigida a lungu, sai ta juya fuskarta ga bango har ya wuce. Wani abin mamaki shi ne, mafi yawan Turawan da ke zuwa kwana yau, in aka bi salsalarsu shekara ɗari baya, kakanninsu sun fi kusa da masu hawa matakalar baya. Duk da haka ba wanda ke biya don ya kwana a matsayin baranya. Fina-finan talabijin irin su Downton Abbey, wanda aka nuna daga 2010 zuwa 2015, sun ƙara wa abin armashi, domin sun nuna iyayengiji masu tausayi da barori masu ƙaunar bauta.

Kuma matakalar bayan ba ta daina aiki ba. Wani ne ke wanke farar rigar nan, wata ce ke tsayuwa sa'o'i tana murza kafaɗun mutane har yatsunta su yi tsami, da yawansu kuma 'yan ci-rani ne daga wasu ƙasashe. A watan Afrilu na 2025 mafi ƙarancin ladan aiki ga babban mutum a Birtaniya ya zama fam 12.21 a sa'a. Wanda ake biya a kan wannan ma'auni, in ya yi sa'a 40 a mako, zai tashi da fam 488 kafin a cire haraji, kuɗin da a manyan otal-otal ɗin nan zai iya tafiya a kwana ɗaya tak. Na yarda cewa ma'aikacin yau ba bara ba ne, yana da kwangila da ranar hutu, yana iya ajiye aiki ran da ya ga dama, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Amma ƙwarewar da ake nema gare shi ita ce dai ta da, ya yi aiki kamar ba ya nan.

Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne inda kuɗin ginin ya fito. Iyalin Sutherland, waɗanda aka gina wa Cliveden na yanzu, su ne a farkon ƙarni na 19 aka kori dubban talakawa daga gonakinsu a arewacin Sikotlan, aka ƙone gidajen wasu, don a sami wurin kiwon tumaki. Uwargidan wanda ya gina gidan ta yi suna wajen adawa da bauta a Amurka, har Karl Marx ya rubuta maƙala a 1853 yana tuna mata abin da gidan mijinta ya yi wa nasa talakawan. Dukiyar Astor daga fataucin fatun dabbobi da hayar gidaje a birnin New York ta taru. Wasu gidajen kuma rake da taba da auduga ne suka gina su, watau gumin bayi 'yan Afirka a tsibiran Karibiyan. Da aka kafa dokar hana bauta a 1833, gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 20 na diyya, amma iyayengijin bayin aka biya, bayin ba su sami ko anini ba. A 2020 National Trust ta fitar da rahoto a kan gidaje da wurare 93 na hannunta masu alaƙa da bauta ko mulkin mallaka, aka yi mata ca a jaridu da majalisa, wai tana ɓata tarihin ƙasa. In ƙungiyar da ba riba take nema ba ta sha wannan suka, ba na tsammanin mai otal zai yi marmarin sa irin wannan bayani a ɗakin da mutum ya biya don ya manta da damuwa. Ba kowane gida ne da wannan tabo ba, lalle. Amma ɗan Afirka da ya sami hali ya je hutu irin wannan wuri, ya ɗauki hoto a gindin matakala, ya cancanci a gaya masa ko gidan na cikinsu.

Wani daga cikin malamaina ko 'yan'uwana ɗalibai zai iya cewa, to da rushewa fa? Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba na kuma gudunta. Rufin irin wannan gida kaɗai na cin kuɗin da ba wani iyali da zai iya ɗauka, kuma gini in ba mutane a cikinsa, ba wuta a murhu, danshi ke cinye shi. Otal ya tsirar da gine-gine masu kyau, ya ba masassaƙa da magina da masu lambu aiki, ya raya ƙauyukan da noma ya daina riƙewa. Har ila yau, ƙofar da a da sai jini ke buɗe ta, yau kuɗi na buɗe ta, kuɗi kuwa ko ba komai ana iya nemansa, jini ba a nemansa. Malamar asibiti da ta yi tari na shekara guda don ta kai mahaifiyarta su kwana ɗaya, a yi musu hidima sau ɗaya a rayuwa, ba ni da bakin yi mata dariya.

Sai dai tsirar da gini dabam, tsirar da labarinsa dabam. A Cliveden ɗin nan, filin da lambunan suna hannun National Trust, duk wanda ya biya kuɗin shiga na yini zai zaga da 'ya'yansa, ya gangara bakin kogi, ya ga maƙabartar sojojin da suka rasu a asibitin da 'yan Kanada suka kafa a wurin lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ganina waɗannan masu yawon yini, da 'yar jakar abincinsu, sun fi mai farar riga samun gidan, domin ba wanda ya ce musu nasu ne. Abin da nake nema ga masu otal bai taka kara ya karya ba. A kowane ɗaki akan ajiye ɗan littafi mai bayanin lokacin karin kumallo da farashin tausa da sunayen manyan da suka taɓa kwana a gidan. A ƙara masa shafi biyu: ɗaya ya faɗi sana'ar da ta gina gidan, ɗaya ya kawo sunayen masu girki da masu wanki da masu share murhu, waɗanda littattafan albashi na gidajen da takardun ƙidaya suka adana. A kuma buɗe matakalar baya sau ɗaya a yini, ga baƙon da ke son ya hau ta ya ƙirga hawa nawa ne daga inda ake dafa ruwan wanka zuwa ɗakin da ya kwana.